Sallama: Daga Bakin Zaure zuwa Bakin Ciniki

A cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci, kaɗan ne suka yi rassa irin na "sallama". Baƙo yana yin ta a bakin zaure, mai salla yana idarwa da ita, likita yana sallamar majinyaci, ɗan dambe kuma in ya ji jiki sai ya sallama. Wasu na ɗaukar waɗannan a matsayin ma'anoni mabambanta da suka haɗu a lafazi kawai. A ganina ba haka ba ne.

Tushen kalmar shi ne haruffan s-l-m, waɗanda suka haifi "Musulunci" da "salama". Tun a Larabci, aikatau sallama yana ɗauke da fuska biyu: gaisuwa da miƙa wuya. Aya ta 27 a Suratun Nur ta haɗa gaisuwar da neman izinin shiga gidan mutane, aya ta 65 a Suratun Nisa'i kuma ta yi amfani da kalmar wajen miƙa wuya ga hukunci. Ke nan Bahaushe ya karɓe ta da fuskokin nan biyu, sannan ya faɗaɗa su.

A kasuwa ne faɗaɗawar ta fi bayyana. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka". Ya ƙara wani abu, a sake ce masa "albarka". Sai ya gaji ya tambaya, "To, nawa ne sallama?" Da zarar mai kaya ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa, kuma abin kunya ne ya janye. Abin da ya faru shi ne mai iko da abu ya sake shi cikin yardar rai. Haka maigida yake sakin baƙonsa in ya sallame shi.

A bakin ƙofa ma zancen iko ne. Mai sallama yana amincewa cewa gidan ba nasa ba ne, shi ya sa yake dakatawa har a amsa, a yi masa iso. Kalmar ta kai har fada: a Kano, Sallama sarauta ce ta manyan bayin sarki, tare da Shamaki da Ɗan Rimi.

Don haka ya kamata masu rubuta ƙamus na Hausa su tara waɗannan ma'anoni a ƙarƙashin tushe ɗaya, su nuna wa ɗalibi yadda kowace ta tsiro daga 'yar'uwarta.