Nagito Komaeda: Ɗalibin da sa'arsa ta zama hujja a shari'o'in Danganronpa 2

Nagito Komaeda ɗaya ne daga cikin ɗalibai 16 na wasan bidiyo mai suna Danganronpa 2: Goodbye Despair, wanda kamfanin Spike Chunsoft na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 2012, kuma Kazutaka Kodaka ya rubuta labarinsa. Makarantar Hope's Peak da ke cikin labarin takan ɗauki hazikai ne kawai, amma duk shekara takan zaɓi mutum guda ta hanyar jefa ƙuri'a. Ta wannan ƙofa Komaeda ya shiga, baiwarsa ita ce sa'a.

Dokar wasan mai tsauri ce. An tsare ɗaliban a tsibirin Jabberwock, kuma duk lokacin da aka yi kisa sai a zauna shari'a. Idan suka gano mai laifi, shi kaɗai ake kashewa. Idan suka kuskure, shi zai tsira, sauran su halaka.

Sa'ar Komaeda ba ta zuwa kyauta, sai masifa ta riga ta. Yana yaro aka yi fashin jirgin saman da yake ciki, wani dutse daga sararin samaniya ya faɗo ya kashe 'yan fashin tare da iyayensa, ya gaji dukiya mai yawa.

A babi na farko ya dogara da ƙuri'a ta faɗa kansa domin ya share ginin da za a yi liyafa, ta kuwa faɗa, ya samu damar ɓoye wuƙa a ƙarƙashin tebur. Teruteru Hanamura, wanda ya yi niyyar kashe shi, sai ya soki wani ɗalibin daban. A babi na 4 ya zuba harsasai 5 a bindiga mai gurbi 6, ya ɗora ta a kansa ya harba, ya kuɓuta.

Babi na 5 ne ƙololuwar lamarin. Komaeda ya shirya mutuwarsa da hannunsa a wani ɗakin ajiya: ya zuba guba a ɗaya daga cikin kwalaben kashe gobara, ya tada wuta, ya bar wa sa'arsa ta sa kwalbar a hannun ɗan leƙen asirin da ke ɓoye cikinsu. Burinsa shi ne a kasa gano wanda ya jefa ta, kowa ya mutu, mutum guda ɗin ya rage. Babu shaidar da za ta nuna mai jifan, shi kansa mai jifan bai sani ba. Abin da labarin bincike kan ƙyamata ke nan, wato dogaro da dace, amma babuka huɗu sun riga sun tabbatar da cewa sa'ar tasa ba ta saɓawa. Don haka Hajime Hinata da abokansa suka karɓe ta a matsayin hujja: duk wanda yake ɗan leƙen asirin, shi ya jefa gubar. Chiaki Nanami ce ta bari aka gane ita ce, aka zartar mata da hukunci, sauran suka tsira.