Daga Goree zuwa Yamai: yadda aka horar da malamin tarihi a Nijar

A shekara ta 1929 wani saurayi ɗan Foneko, cikin yankin Tera, ya dawo gida daga tsibirin Goree da takardar shaidar malanta a hannu. Sunansa Bubu Hama, kuma shi ake lissafawa a matsayin ɗan Nijar na farko da ya fito malami daga makarantar William Ponty, wadda Turawan Faransa suka kafa don horar da malamai da ma'aikata na dukan ƙasashen da suke mulki a yammacin Afirka. A can ma Jori Hamani ya yi karatu bayansa. Ba malamin tarihi aka horar da Bubu Hama ya zama ba, don a lokacin babu irin wannan sana'a ga baƙar fata. Malami ɗaya ke koyar da karatu da lissafi da aikin lambu, tarihi kuwa ɗan darasi ne da ake saƙawa a tsakani.

Ana yawan cewa lakwal ɗin nasara ta koya wa yara cewa kakanninsu mutanen tsohuwar Faransa ne. Zancen bai cika daidai ba, musamman kafin yaƙin duniya na biyu. Tun zamanin Georges Hardy, wanda ya shugabanci harkar ilimi a yammacin Afirka daga 1912 zuwa 1919, an rubuta littattafai na musamman saboda yankin, kuma suna ambaton daulolin Gana da Mali da Songai. Sai dai labarin kullum wuri guda yake nufa: sarakuna suna yaƙi suna kama bayi, har Faransa ta zo ta kawo kwanciyar hankali. Irin su Samori ana nuna su a matsayin azzalumai. Daga shekarun 1930 an riƙa umurtar ɗaliban Ponty su tambayi tsofaffin garuruwansu lokacin hutu, su rubuta abin da suka ji game da aure da noma da tatsuniya. Ɗaruruwan waɗannan kundaye suna ajiye a Dakar. To amma sunan abin al'ada, ba tarihi ba. Tarihi, a ganin masu makarantar, sai abin da ke rubuce da tawadar Bature.

Bayan yaƙin, aka daidaita karatun sakandare da na Faransa, sai ɗan Tawa ya zauna yana haddace sarakunan Paris don ya ci jarrabawa iri ɗaya da ɗan Marseille. Haka Nijar ta shiga ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, malaman koleji da lise kuwa akasarinsu Faransawa ne da aka aiko da sunan taimako. A tsakiyar shekarun 1960 ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci suka amince da sabon tsarin tarihi da labarin ƙasa wanda ya ba Afirka babban gurbi. Amadou Mahtar M'Bow da Joseph Ki-Zerbo da Jean Devisse suka jagoranci rubuta littattafansa. Tsari ya sauya, amma wanda zai tsaya gaban allo bai samu ba tukuna.

Shekaru kaɗan da suka biyo baya su ne suka fi albarka. A 1968 aka buɗe cibiyar tattara tarihin baka a Yamai da goyon bayan UNESCO, wadda daga baya ta koma CELHTO ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Bubu Hama, yana shugaban majalisar dokoki, ya duƙufa tara rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda suka zama tushen taskar da ke IRSH, kuma a 1967 ya buga littafi kan tarihin Gobir da Sakkwato. A 1971 aka kafa cibiyar karatu mai zurfi, ta zama Jami'ar Yamai a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Cikinta ne aka sami sashen tarihi da kuma makarantar horar da malaman sakandare, wato ENS. A 1971 ɗin André Salifou ya fitar da nazarinsa kan Damagaram a ƙarni na 19, a 1975 Jibo Hamani ya fitar da nasa kan Adar kafin zuwan Turawa. A karon farko ɗalibin da ke shirin zama malami ya iya karanta tarihin garinsu daga alƙalamin wanda ya ji yaren tsofaffin da aka tambaya. Ba banza ba jami'ar Damagaram da ta Tawa suke ɗauke da sunayen waɗannan masana biyu.

Hanyar da aka shata a fili take. Ɗalibi ya sami bak, ya karanta tarihi ko labarin ƙasa a jami'a, ya koyi dabarun koyarwa a ENS, ya yi gwaji a aji ƙarƙashin idon tsohon malami. Tarihi da labarin ƙasa a hannun mutum ɗaya suke, kamar yadda aka gada daga Faransa, sau da yawa har da darasin tarbiyyar ɗan ƙasa. Amma ba kowa ya bi ta ba. Masu bautar ƙasa da yawa an tura su aji kai tsaye daga jami'a, kuma tun ƙarshen shekarun 1990, da yara suka yawaita kuɗi suka yi ƙaranci, aka koma ɗaukar malaman kwantaragi, waɗanda da dama cikinsu ba su taɓa zama ajin koyon malanta ba. Malamin da bai sami horo ba ba ya rasa abin faɗi. Yana da tsohon kundin darasinsa na lise, sai ya yi shifta, yara su kwafa.

Inda wannan ya fi ciwo shi ne tarihin gida. Ɗauki jihadin Shehu Usumanu ɗan Fodiyo na 1804. A Sakkwato labarin gyaran addini ne da kafa daula. A Maraɗi kuwa labarin gudun hijira ne: sarakunan Katsina da aka kora wajen 1807, da Ɗan Kasawa wanda ya kafa sabuwar sarauta wajen 1819, shi ya sa har yau ake kiran mai gadon sarautar garin Sarkin Katsina. A Tsibiri Gobirawa ne suka sake zama bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Cikin aji ɗaya akwai jikokin kowane ɓangare, kowanensu ya ji nasa daga bakin kaka. Malamin da aka koya wa auna riwaya da riwaya zai iya ɗora labaran biyu kan tebur, ya nuna wa ɗalibai wanda ya faɗi kowanne da dalilin faɗinsa. Wanda ba a koya wa ba sai ya zaɓi ɗaya, ko ya tsallake shafin.

Haka batun Sarauniyar Lugu. Rundunar Voulet da Chanoine ta faɗa wa garin a Afrilun 1899, ta ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu. Mafi yawan abin da matasa suka sani game da Sarauniya daga ƙagaggen labarin Abdullahi Mamani na 1980 ya fito, da sinimar Med Hondo ta 1986. Aiki ne mai daraja, amma adabi ne, kuma raba shi da abin da takardun soja da mutanen Arewa suka adana aikin malami ne da ya san sana'arsa.

Sauran magana harshe. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, ya rubuta tun 1964 cewa ilimi ba zai kafu ba sai da harsunan ƙasa, kuma a 1973 aka fara makarantun gwaji da Hausa a Damagaram. Ƙoƙarin ya tsaya a firamare. Malamin sakandare da Faransanci aka horar da shi, alhali kirarin sarakuna da waƙoƙin makaɗan fada da takardun ajami, wato kayan aikinsa na asali, da Hausa suke, ko Zabarmanci, ko Tamajak, ko Barbarci, ko Fulatanci. A Maris na 2025 kundin tsarin mulkin wucin gadi ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Takardun da Bubu Hama ya tara suna nan a IRSH, faifan da aka naɗa na tsofaffi suna CELHTO, duka a gaɓar hagu ta kogin Kwara. ENS tana gaɓar dama, gada ce kawai tsakaninsu.