Asubar Ruwan Gishiri: Waiwaye kan Shekarar Ibola



Ranar 20 ga Yuli, 2014, wani jirgin kamfanin ASKY ya tashi daga filin jirgin saman Lome ya nufi Legas. Cikin fasinjojinsa akwai Patrick Sawyer, ma'aikacin gwamnatin Laberiya, wanda ya baro Monrobiya ba shi da lafiya. Bayan kwana biyar ya rasu a wani asibiti a Legas, gwaji kuma ya tabbatar Ibola ce. Ashe cutar da muke ji a rediyo kamar labarin nesa, na Gini da Saliyo, ta ratsa garinmu ta wuce muna can muna ciniki.

Likitar da ta yi zargin ciwon, ta kuma hana shi fita duk da matsin da ta sha, ita ce Ameyo Adadevoh. Wanda ya zauna da maƙwabtanmu Ewe ya san Ameyo ita ce Asabe a wurinmu. Ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta.

Tsakanin waɗannan mutuwa biyu aka yi asubar ruwan gishiri. A farkon Agusta saƙo ya bazu a Nijeriya ta wayar hannu, cewa kowa ya tashi kafin gari ya waye ya yi wanka da ruwan zafi mai gishiri, ya kuma sha. Waya ba ta san kan iyaka ba. Ni kaina ƙanwar mahaifiyata ce ta tashe ni daga Kano, tana cewa, “Ɗana, kada ka bari alfijir ya keto ba ku yi ba.” Ban ɓoye muku ba, na ɗora tukunya. Ministan lafiya na Nijeriya, Onyebuchi Chukwu, ya ƙaryata maganar, amma jaridu sun ruwaito aƙalla mutum biyu sun mutu, wasu kuma an kwantar da su asibiti, domin gishiri mai yawa yana tayar da hawan jini.

Na daɗe ina juya dalilin da ya sa ƙarya ta riga gaskiya isa gidajenmu. Abin da aka fi maimaita mana a farko shi ne cutar ba ta da magani, kuma tana kashe yawancin waɗanda ta kama. Mutumin da aka gaya wa haka, me zai kai shi asibiti? An cika masa ciki da tsoro, an bar shi hannu rabbana. Saƙon gishiri kuwa ya zo da muryar ɗan'uwa, cikin harshen gida, ya kuma ba shi aikin yi da abin da ke cikin madafarsa. Bayanin da ya fi amfani, wato cutar ba ta bin iska, jini da amai da gudawar mai ciwo ne ke ɗauke da ita, kuma mai zuwa asibiti da wuri ya fi samun tsira, da Faransanci ya fi iso mu.

Inda abin ya fi zafi shi ne wankan gawa, domin gawar mai Ibola tana da matuƙar yaɗa cutar. A ƙasashen da annobar ta yi ƙamari an riƙa ɗauke mamata cikin leda ba tare da dangi sun gani ba, sai mutane suka koma ɓoye marasa lafiya. A ƙauyen Womey na Gini, cikin Satumba 2014, an kashe mutum takwas daga ayarin da ya je wayar da kai. Sai a Nuwamba Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin jana'iza da aka shirya tare da malaman addini: a yi wa mamaci taimama maimakon wanka, a sa masa likkafani, a yi masa salla. Hukuncin kuwa yana nan cikin littattafan fiƙihu da muka karanta a zaure tun muna samari. Tambayar masu su ce aka makara.

An ayyana Nijeriya ta rabu da cutar ranar 20 ga Oktoba, bayan mutum 20 sun kamu, 8 sun rasu. A yankin baki ɗaya sama da mutum 11,000 suka tafi. Togo ba a samu ko mutum ɗaya ba. Da na kira gwaggon tawa daga baya na tuna mata asubar nan, dariya ta yi, ta ce ita ma wata ce ta tashe ta.