Yadda Teɓa Ta Shiga Hannun Likita

A Zakka, kamar sauran garuruwan Safana da Batsari, in mutum ya yi jiki sai a ce hutu ya karɓe shi. Amarya kuwa in ta kwana biyu ba ta ciko ba, dangi su fara tambayar ko lafiya. Ba abin zargi ba ne a ƙasar da tamowa ke kwantar da yara har yau. Shi ya sa a kemis ɗinmu ƙwayar sha-ka-fashe ta riga maganin rage ƙiba zuwa. Amma teɓa mai tsanani tana nan a cikinmu, wadda ke hana dattijuwa sujada sai a zaune, ta gayyato hawan jini da ciwon suga.

Ma'aunin da likitoci ke aiki da shi ya samo asali ne daga lissafin Adolphe Quetelet na Beljiyam a shekarun 1830, sai Ancel Keys ya farfaɗo da shi a 1972. Ana gwada nauyi ne da tsawo. In lissafin ya kai 30 an shiga teɓa, in ya kai 40 ta yi tsanani. Mace mai tsawon mita 1.6 takan kai 40 ne in ta wuce kilo 102, wato ta ɗara babban buhun masara.

Ƙwayoyin farko sun ci rayuka. A 1933 wasu likitoci a jami'ar Stanford ta Amurka suka fara ba da DNP, sinadarin da aka lura yana ramar da ma'aikatan masana'antar makamai a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya ramar da mutane kuwa, amma wasu suka yi yanar ido, wasu zafin jiki ya kashe su, har aka hana shi a 1938. An janye fen-phen a 1997 saboda yana lalata ƙofofin zuciya, aka janye sibutramine a 2010. Abin da ke damuna shi ne, wannan na ƙarshen har yanzu hukumomi na tsintar sa a ɓoye cikin wasu shayin rage tumbi, irin wanda ake tallatawa a waya ba tare da an tambayi mai saye hawan jininsa ba.

Tiyata ma da tuntuɓe ta faro. A 1954 Arnold Kremen da abokan aikinsa a Minnesota suka bayyana hanyar tsallake mafi yawan ƙaramin hanji don abinci ya wuce bai shiga jiki ba. Zawo da ciwon hanta suka sa aka bar ta. A 1966 Edward Mason na jami'ar Iowa ya koma kan tumbi, ya rage shi ya haɗa da hanji. A 1991 aka tsayar da ƙa'ida a Amurka: ba a yi wa mutum tiyatar sai lissafinsa ya kai 40, ko 35 in yana da wata cuta. Daga 1994 aka fara aikin ta ƙananan huji ba tare da an farke ciki ba. Wanda aka yi wa zai riƙa shan bitamin da maganin ƙarin jini, yana komawa asibiti, iya rayuwarsa. Wannan daban yake da zuƙe kitse don ado, irin aikin da Stella Obasanjo ta rasu bayansa a Sifaniya a watan Oktoban 2005.

Allurar da ake yayi yanzu kuwa, maganin farko na danginta daga bakin wani ƙadangare mai dafi na hamadar Amurka ya fito. John Eng ya gano sinadarin a 1992, ya zama maganin suga a 2005. Daga wannan dangi aka samu Ozempic a 2017 da Wegovy a 2021. Sau ɗaya ake yin ta a mako, tana sa ƙoshi da wuri, kuma a gwaji ta rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi a mako 68. In aka daina, yawancin nauyin na dawowa. Tana da tsada, tana son firji, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta.

Ga mutumin Zakka, hanyar takan fara ne daga awon jini da na suga a Dutsin-Ma, daga nan a tura shi asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, inda likita zai tsara masa tuwonsa da tafiyarsa kafin a yi zancen allura. Masu neman tiyatar kuwa galibi Abuja ko Legas suke nufa, wasu har Indiya da Masar.