Makarantar Fim ta Mosko da Asalin Koyar da Sana'ar Fim a Aji

Sana'ar shirya fim ta shafe kusan shekara 25 ana koyonta ta hanyar zama yaron gida, wato matashi ya liƙe wa ubangidansa a wurin aiki yana ɗaukar masa kaya har idonsa ya buɗe, kafin wata hukuma ta yarda cewa ilimi ne da ya cancanci aji da malami da manhaja. Makarantar farko ta gwamnati an buɗe ta ne a birnin Mosko ranar 1 ga Satumba, 1919, kwanaki kaɗan bayan Lenin, shugaban gwamnatin Sobiyet, ya sa hannu a dokar da ta mayar da harkar fim hannun hukuma. Darakta Vladimir Gardin ne ya fara jagorantarta, kuma ita ce daga baya ta shahara da sunan VGIK.

Makarantar ta fara aiki ne cikin tsananin rashi, domin ƙasar tana tsakiyar yaƙin basasa, masu kamfanonin fim da yawa sun tsere da kayan aikinsu, sannan zaren fim, wato doguwar siririyar leda mai sinadari wadda hoto ke kamawa a jikinta, daga waje ake shigo da shi kuma hanyar ta toshe. A wannan hali Lev Kuleshov, wanda shekarunsa ba su wuce 21 ba, ya buɗe ajinsa a 1920, inda ɗalibai irin su Vsevolod Pudovkin da Boris Barnet da Aleksandra Khokhlova suka riƙa shirya fim ba tare da zaren fim ba. Sukan yi wasan a kan dandamali, a yi amfani da labule da haske a killace abin da kyamara za ta gani da a ce akwai ta, a buɗe nan a rufe can, ta yadda kowane guntun wasa zai tsaya a matsayin ɗauka guda, wato hoton da ake samu daga lokacin da aka kunna kyamara zuwa lokacin da aka tsayar da ita. Haka kuma sukan warware tsofaffin fina-finai, musamman Intolerance na D. W. Griffith ɗan Amurka, su sake jera gutsattsarin domin su ga yadda ma'ana take sauyawa.

Daga irin wannan aiki ne aka sami gwajin da har yau ake kira da sunan Kuleshov. An ɗauki hoton fuskar ɗan wasa Ivan Mozzhukhin, fuskar da ba ta nuna farin ciki ko baƙin ciki ba, aka haɗa ta da hoton kwanon miya, aka sake haɗa ta da hoton gawa cikin akwati, sai masu kallo suka ga yunwa a wuri na farko da alhini a na biyu, alhali fuskar ɗaya ce. Abin da gwajin ya nuna shi ne cewa tacewa, wato zaɓar hotuna da jera su ɗaya bayan ɗaya, ita ke haifar da yawancin abin da mai kallo yake ji a ransa. Da wuya a ce ajin da yake da zaren fim a wadace zai tsaya ya yi wannan dogon tunani, kuma wannan shi ne babban bashin da makarantun fim na duniya suka ci daga waccan makaranta: ɗalibi ya san dalilin kowace ɗauka kafin ya taɓa kyamara.

Sashen ɗaukar hoto ya tsaya da ƙafafunsa a hannun mutanen da suka yi aikin da kansu, irin su Eduard Tisse, wanda ya ɗauki fina-finan Sergei Eisenstein, da Anatoli Golovnya, abokin aikin Pudovkin, kuma a nan ne sarrafa haske da inuwa, da zaɓen gilashin kyamara, da tsara abin da zai shiga cikin hoto suka zama darussa masu ƙa'ida. Tsarin karatun kuwa shi ne babban malami guda ya ɗauki rukunin ɗalibai ya riƙe su tun daga shiga har fita, kamar yadda Mikhail Romm ya riƙe Andrei Tarkovsky da Vasily Shukshin daga 1954. Daga baya wasu ƙasashe sun kafa nasu makarantun, a birnin Rum a 1935, a birnin Firag a 1946, da Lodz ta ƙasar Folan a 1948.

Ga Afirka ta Yamma, ƙofar koyon fim ta buɗe ne bayan samun 'yancin kai, tun da dokar Laval ta 1934 ta hana ɗaukar fim a ƙasashen da Faransa ta mallaka sai da izinin hukuma, abin da ya daɗe yana nisanta 'yan ƙasa daga kyamara. Ousmane Sembène na Senegal ya sami horo a ɗakin shirya fim na Gorky da ke Mosko a hannun Mark Donskoy, ya koma gida ya fitar da Borom Sarret a 1963. Souleymane Cissé na Mali ya yi karatu a VGIK a shekarun 1960, Abderrahmane Sissako na Muritaniya kuma a shekarun 1980.

Sai dai akwai fanni guda da tsarin Mosko ba shi da bukatar koyarwa, wato shirya fim mai zaman kansa, inda mai fim ke nemo kuɗi da ma'aikata da kasuwa ba tare da jingina da gwamnati ko babban kamfani ba. A zamanin Tarayyar Sobiyet hukuma ce ke biyan kuɗi, ita ke rarraba fim, ita kuma ke yanke hukuncin abin da za a nuna, don haka ɗaliban Afirka suka dawo da ƙwarewar ido da hannu zuwa ƙasashen da galibin gidajen silimarsu ke hannun kamfanonin waje. Dole ta sa Sembène da Cissé kowannensu ya kafa kamfaninsa, ya zama marubuci da darakta da furodusa a lokaci guda, kuma hakan bai zo da sauƙi ba, domin fim ɗin Den Muso da Cissé ya yi da harshen Bambara a 1975 an hana nuna shi, shi kansa kuma an tsare shi na ɗan lokaci. A ƙarƙashin kamfanin nasa ne ya ci gaba da aiki har ya fitar da Yeelen, wanda ya sami kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes a 1987.