Jirgin Yaƙi Black Joke

Wannan ɗan jirgin ruwa ba shi da inji, iska ke tura shi. Asalinsa na fataken bayi ne, har Turawan Ingila suka kama shi cikin 1827, da bayi 569 a ciki. Da suka ga saurinsa, sai suka sa shi farautar 'yan'uwansa a tekun Afirka ta Yamma.

Cikin 1829, da igwa biyu tak, ya kama Almirante mai igwa 14, aka 'yanta mutum 466. Saliyo akan kai 'yantattu, har da Hausawa cikin waɗanda suka zauna can.

Abokan gaba ba su iya nutsar da shi ba. Katakonsa ne ya ruɓe, hukuma ta sa aka ƙone shi cikin 1832.