Pocitel: Ƙauyen Da Ya Tsare Hanyar Gishiri A Bosniya

Jama'a, in an ambaci Bosniya, abin da ke zuwa ran yawancinmu shi ne yaƙin 1992 zuwa 1995. To amma ƙasar tana da tarihi tun kafin wannan masifa. Yau bari mu leƙa wani ɗan ƙauye mai suna Pocitel.

Ƙauyen yana gaɓar hagu ta kogin Neretba, kimanin kilomita 30 kudu da birnin Mostar. An gina shi ne a jikin dutse, gida bisa gida, hanyoyinsa duk matakala ce ta duwatsu, ga rumman da ɓaure ko'ina. A can ƙololuwa kuwa ganuwa ce da hasumiya. Wanda ya tsaya nan, ba abin da zai gifta a kwarin kogin bai gan shi ba.

Wannan kwari shi ne hanyar da ta haɗa teku da tsakiyar ƙasa. Ta nan fataken Dubrobnik ke shigo da gishiri da tufafi, su fita da ma'adinai. Kowa ya san harkar fatauci ya san mai riƙe da mashigi shi ke da ta cewa.

Sunan Pocitel ya fara bayyana a rubuce a 1444, cikin wata takarda ta Sarki Alfonso na 5 na Aragon, wadda ta lissafa shi cikin mallakar Istifan Kosaca. Wannan basarake ne ya ɗauki sarautar "Herceg" a 1448, kuma daga nan sunan Harzegobina ya samo asali.

Da Turkawa suka ci masarautar Bosniya a 1463, sai Sarki Matiyas na Hangare ya zuba dakaru a Pocitel. Mutanen Dubrobnik suka dinga tura musu kuɗi da kayan yaƙi, ba don ƙauna ba fa, don dai kada wutar ta iso ƙofarsu. Duk da haka a 1471 Turkawa suka kama garin, suka riƙe shi har 1878.

A zamaninsu ne aka gina masallacin Haji Aliya wajen 1563, da makaranta da hasumiyar agogo. A 1993 mayaƙan Kuroshiyawa suka rushe ƙubbarsa da hasumiyar kiran salla, suka kori Musulmin garin. Bayan yaƙi an sake gina masallacin.